Layukan da Suka Auna Dutsen Kagoro

Matafiyin da ya taso daga Fadan Kaje, a gefen Zonkwa, ya kama hanyar Kafanchan, kafin ya isa zai ga ƙasa ta miƙe tsaye a hannunsa na hagu. Dutsen Kagoro ke nan, wanda masu wurin ke kira Afan Agworok. Da damina gajimare kan sauko ya lulluɓe kansa, ruwa na tsiyaya ta tsakanin duwatsu. Da hunturu kuwa hazo kan shafe shi har a rasa inda ya ƙare. Adadin da aka fi ambata game da tsayinsa shi ne mita 1,246 daga doron teku, alhali tekun na can ɗaruruwan kilomita kudu, kuma babu wanda ya taɓa jan igiya daga bakinta zuwa Kagoro. Wannan adadi, da dubban irinsa da ke warwatse a taswirorin Najeriya, ya fito ne daga aikin shekaru masu yawa: awo, lissafi, hawan dutse da kaya a ka, da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama.

An yi aikin da kyau a zamaninsa. Damuwar ita ce an gama shi, sannan aka bar shi ya tsufa.

Kafin zuwan safiyo

Mutanen wannan yanki ba su jira Turawa ba kafin su san ƙasarsu. Duwatsun Kagoro da na Attakar sun kasance mafaka a zamanin hare-haren kamun bayi, kuma wanda zai ɓuya a dutse dole ya san kowane kogo, kowace maɓuɓɓuga, da hanyar da doki ba zai iya bi ba. Fatake ma suna da tasu taswirar a ka. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi Zariya, ta ratsa Zangon Katab da Jama'a, ta gangara Keffi har Loko a bakin Binuwai, ana auna ta da kwanaki da zango-zango: inda ake samun ruwa, inda ake biyan fito, inda ba a kwana.

Irin wannan sani ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa aka zana a takarda ya ba Hugh Clapperton a Sakkwato a 1824, taswirar da aka buga a Landan bayan shekara biyu. Da Clapperton ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1827, baransa Richard Lander ya yi ƙoƙarin kaiwa teku ta kudu. Ya ratsa wani wuri da ya rubuta Cuttup, wato Katab, ya kai Dunrora, wato Darroro, inda mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa suka mai da shi baya. Sunayen sun shiga taswirorin Turai, amma a matsayin ɗigo-ɗigo kan layin tafiya guda. Duwatsun da ke dama da hagu sai dai mai zane ya yi musu 'yar inuwa, ba tare da ya san tsayinsu ko faɗinsu ba.

Abin da ya tilasta awo na gaske shi ne kuza da jirgin ƙasa. Jirgi ba ya hawan tudu da ƙarfin hali. Sai an auna gangare taku-taku, an san inda za a sare ƙasa da inda za a cike. Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna a 1927, a shekarar ne kuma reshen Jos ya balle daga Kafanchan, ya bi ta Kagoro da Manchok ya haye tudun Filato. Wannan mahaɗa ce ta mai da Kafanchan gari, har fadar Jama'a ta dawo nan a 1933. Sai dai awon dogo siriri ne, ya tsaya a bakin layi. Abin da ke bayan dutse bai shafe shi ba.

Alwatika a kan duwatsu

Auna ƙasa baki ɗaya ya dogara ne kan wata ƙa'ida ta lissafi: idan aka san tsawon gefe ɗaya na alwatika da girman kusurwoyinta, sauran ɓangarorin biyu za su fito da alƙalami, ba sai an taka su ba. Don haka safiyo kan nemi fili, su auna layi guda na kilomitoci kaɗan da matuƙar taka-tsantsan, suna la'akari har da yadda zafin rana ke miƙar da ƙarfen awo. Daga ƙarshen layin su hango kan wani dutse da na'urar auna kusurwa, tiyodolait, daga can su hango na gaba. Haka alwatika ke haihuwar alwatika har a sarƙafe ƙasa.

Uwar wannan sarƙa a Najeriya tana Minna, a turken da aka yi wa lamba L40. Duk wani wuri a tsofaffin taswirorin ƙasar, daga nan aka lissafo matsayinsa. Tsayi kuma an ɗauko shi daga matsakaicin tsayin ruwan teku a Legas, aka riƙa haurowa da shi da sanda da ma'auni, ana barin alama a jikin gada da tasha. Saboda duniya ƙwallo ce, takarda kuma shimfiɗaɗɗiya, an raba Najeriya ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, don rage karkacewa. Layin tsakiyar ɗamara ta biyu, digiri 8 da minti 30 gabas, ya ratsa 'yan kilomitoci ne gabas da garin Kagoro.

A takarda abin da sauƙi. A daji kuwa, kowane turke na nufin an hau da siminti da yashi da ruwa da tanti da abinci, duk a kan mutane. A sare itatuwan da suka tare gani, a zauna kwanaki ana jiran hazo ya ɗaga. Da rana abokin aiki a wancan dutsen ya haska madubi, da dare ya kunna fitila. Na'urar telurumita, da Trevor Wadley ya ƙirƙira a Afirka ta Kudu a shekarun 1950, ta sauƙaƙa auna nisa da igiyar rediyo, amma ta ƙara wa 'yan dako nauyin batura. Mutanen ƙauyuka ne suka ɗauki kayan, su suka nuna hanya, su suka faɗi inda ruwa yake. A gefen taswira an rubuta sunan hukumar da ta yi aikin da shekarar da aka ɗauki hoto. Nasu sunan babu shi, kuma ya dace duk mai amfani da waɗannan takardu ya san da haka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aikin ya koma sama. A 1946 Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen mulkin mallaka ƙarƙashin Birgediya Martin Hotine, wadda daga 1957 aka fi sani da DOS. Da farko jiragen sojan saman Ingila ne ke ɗaukar hoto, daga baya kamfanoni suka karɓa. Jirgi kan bi layi miƙaƙƙe, kyamara na kallon ƙasa, kowane hoto ya hau kan na bayansa da kusan kashi 60 cikin 100. Idan aka ɗora biyun ƙarƙashin tabarau na musamman, ido ɗaya na kallon wannan, ɗayan na kallon wancan, sai tudu ya taso, kwari ya lotsa. Mai zane na bin wani ɗan ɗigo mai yawo a cikin hoton, yana riƙe shi a tsayi guda yana zagaya dutse da shi. Sawun da ɗigon ya bari shi ne layin tsayi.

Lokacin ɗaukar hoto a wannan yanki gajere ne ƙwarai. Damina ta gajimare ce, hunturu na hazo da hayaƙin ƙunar daji. Saura 'yan makonnin kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta iso.

Daga irin wannan aiki na DOS da Hukumar Safiyo ta Tarayya aka samu taswirorin ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 a takarda ke nufin kilomita 1 a ƙasa. An yanka ƙasar falle-falle aka ba su lamba: Kafanchan ne na 167, maƙwabcinsa na gabas, Naraguta, wanda ya ƙunshi Jos, na 168. Kowane falle ya rabu huɗu, kowane kashi na ɗaukar kimanin kilomita 27 a tsaye da a kwance. Galibi an buga su ne a shekarun 1960 da 1970, tazarar layukan tsayi akasari ƙafa 50. A fili irin na wajen Zonkwa layukan na tafiya a sake, nesa da juna. Da an iso gindin dutse sai su matse su nannaɗe kamar saƙar faifai. Wanda ya iya karatunsu zai gane, tun yana zaune a ɗaki, inda mota ba za ta hau ba, inda ruwa zai taru, da inda ƙasa za ta zaizaye in an sare itace.

Akwai wani abu da waɗannan takardu suka daskarar, wato sunaye. Ma'aikatan mulkin mallaka da tafintocinsu da Hausa suke aiki, don haka abin da ya shiga rajista shi ne Kaje maimakon Bajju, Kataf maimakon Atyap, Jaba maimakon Ham, Kagoro maimakon Agworok. Taswirar yankin cike take da Fadan Kaje, Fadan Kamantan, Fadan Kagoma, Fadan Karshi, da unguwannin da aka raɗa wa sunan wani mai unguwa da ya daɗe da rasuwa. Ƙananan rafuka da tsaunuka da yawa kuwa an zana su daidai amma an bar su ba suna, duk da cewa kowane yaro a ƙauyen ya san yadda ake kiransu.

Darasin duwatsun ƙanƙara

Babu ƙanƙara a kan Kagoro, babu ita ko a kan Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya da mita 2,419. A Afirka wurare uku ne kaɗai ke da kogin ƙanƙara, wato dusar da ta taru shekara da shekaru ta daskare tana rarrafowa gangare: Kilimanjaro, Dutsen Kenya, da Ruwenzori da ke kan iyakar Yuganda da Kwango. Amma labarin auna su ya shafi kudancin Kaduna kai tsaye, domin ya nuna abin da taswira ke iya yi idan aka maimaita ta.

A 1906 wani basaraken Italiya, Luigi Amedeo na Abruzzi, ya shiga Ruwenzori da ɗaruruwan 'yan dako da mai hoto Vittorio Sella. Wuri ne na taɓo da hazo, inda ruwa ke sauka kusan kullum. Sun hau ƙololuwar Margherita mai tsayin mita 5,109, suka auna, suka zana. Ƙanƙarar da ke kan duwatsun a lokacin ta kai kimanin murabba'in kilomita 6.5. Da masana suka sake aunawa da hotunan tauraron ɗan'adam, zuwa 2003 abin da ya rage bai kai murabba'in kilomita 1 ba. A Kilimanjaro, Jamusawa biyu, Fritz Klute da Eduard Oehler, sun yi taswira da hotuna a 1912. Daga wannan shekara zuwa 2011 ƙanƙarar ta sauko daga kusan murabba'in kilomita 11.4 zuwa ƙasa da 2. A Dutsen Kenya, kogin ƙanƙarar Lewis da Carl Troll da Karl Wien suka auna a 1934 an sake auna shi sau da yawa, har ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sanin tarihinsu a ƙasashe masu zafi. A 2022 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa ƙanƙarar Kilimanjaro da ta Dutsen Kenya na iya ƙarewa kafin 2050.

Tsofaffin da ke zaune a gindin waɗannan duwatsu sun riga kowa ganin farin yana ja da baya. Amma abin da ya sa duniya ta saurara shi ne an ɗora takardar 1912 kan ta baya-bayan nan, aka ce ga iyaka jiya, ga ta yau, ga abin da ya tafi a lissafe.

Ƙanƙara na wahalar da mai zane saboda fari ce fat, ɗigonsa ba ya samun abin kamawa. Kurmi ma haka yake yi ta wata fuskar: jirgi na ganin kan itatuwa, ba ya ganin ƙasa. A nan ne kamanceceniyar ta zo gida. Iskar damina da ta taso daga kudu maso yamma idan ta ci karo da bakin tudun Filato sai ta hau ta yi sanyi ta zubar da ruwa, shi ya sa Kafanchan da Kagoro suka fi Zariya da Kano ruwa nesa ba kusa ba. Wannan ruwa ne ya raya dajin Nindam, ragowar kurmi irin na kudu a tsakiyar arewa, wanda masu nazarin tsuntsaye suka sa cikin muhimman wuraren ƙasar. Ruwan ne kuma ke ciyar da magangarar ruwa ta Matsirga, da gonakin citta, da rafukan da wasu ke bin Kogin Kaduna zuwa Kwara, wasu kuma su bi Mada zuwa Binuwai. Abin da ke narkewa a nan shi ne kurmi da bakin rafi da burtali, ta hanyar gatari da gawayi da faɗaɗa gona da gini. Kowa ya san ana asara. Nawa aka yi, a ina, daga yaushe, su ne tambayoyin da maimaita awo kaɗai ke amsawa.

Kuma akwai ma'aunin farko da za a kwatanta da shi. A ƙarshen shekarun 1970 sashen albarkatun ƙasa na Ingila, wanda ya tsiro daga DOS, ya wallafa babban nazari kan tsakiyar Najeriya, da kundi na musamman kan yankin Jama'a, mai bayanin ƙasa da ciyayi da noma. A shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta yi aiki a Abet, kusa da Zonkwa, da Kurmin Biri, tana ƙirga shanu da gonaki har daga ƙaramin jirgin sama.

Ko tsayin dutse ma ba a gama da shi da awo ɗaya ba. A Azbin ta Nijar an daɗe ana rubuta Dutsen Greboun a matsayin mafi tsayi a ƙasar, sai daga baya aka tabbatar da cewa Idukal-n-Tages da ke tudun Bagzan, mai mita 2,022, ya fi shi. Duwatsun Azbin kuwa dangin Kagoro ne: jerin duwatsun giranit masu siffar zobe ne guda, da ya taso daga can ya ratsa Damagaram ya iso Jos, shi ne kuma tushen kuzar da ta jawo jirgin ƙasa.

Abin da tauraro ba ya gani

Yau mai waya a aljihu zai ce an wuce wannan zamani, kuma yana da 'yar gaskiya. A Fabrairun 2000 kumbon Amurka mai suna Endeavour ya shafe kwana 11 yana auna tsayin doron duniya da rada, a 2014 kuma aka saki bayanan Afirka masu ƙwayar mita 30 kyauta. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara biyu a 2011, tana da cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya kafa tashoshin GPS na dindindin, ɗaya tana Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ɗalibi a Kafanchan zai iya fitar da layukan tsayin Kagoro a kwamfuta cikin yini guda.

Sai dai ƙwayar mita 30 na haɗiye kwazazzabo mai faɗin mita 10. Radar na tsayawa a cikin rassan itatuwa, ta ba da tsayin da ba na ƙasa ba. A gangare mai tsini takan bar gurbi. Hoton tauraro ba ya nuna 'yar hanyar ƙafa da ke ƙarƙashin inuwa, wadda mazauna kan dutse ke saukowa da kaya kasuwa ta kanta, ba ya faɗin wace maɓuɓɓuga ce ke ƙafewa a watan Maris. Ga kuma wani tarko da ke kama har ma'aikata: wayar hannu na lissafi da tsarin duniya na WGS84, tsohuwar taswira kuma da na Minna, kuma tsakaninsu akwai bambancin gomman mitoci a ƙasa. A daji wannan ba komai ba ne. A kan iyakar gona, a yankin da maganar ƙasa ta sha jawo zubar da jini, tazara ce da za ta iya sa maƙwabta biyu a gaban alƙali, kowa da takardarsa.

Kano ta riga ta nuna hanyar gyara. A yaƙi da cutar shan inna an daɗe ana dogara da taswirar da ma'aikatan lafiya suka zana da hannu. Da aka koma hotunan tauraro, aka kuma tura mutane da wayoyi masu GPS suna tsayawa a kowane ƙauye suna tambayar sunansa, sai ga rugage da ƙananan unguwanni da ba sa cikin kowane jeri. Hoto ya nuna rufin ɗaki; mutum a ƙasa ne ya gano ko su wane ne a ciki.

Kudancin Kaduna na da kayan yin irin wannan. Hukumar KADGIS da jihar ta kafa a 2015 ta fi mayar da hankali kan filaye da takardun mallaka, wanda aiki ne mai kawo kuɗin shiga. Taswirar dutse da daji ba ta kawo kuɗi nan take, shi ya sa ake jingine ta, ga shi kuwa ita ake nema ranar da za a gina madatsa, ko a fitar da hanya zuwa ƙauyen kan tudu, ko a kai ɗauki cikin dare. Jami'ar Jihar Kaduna na da reshe a Kafanchan inda ake koyar da kimiyyar muhalli da aikin gona, akwai Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, akwai sashen safiyo a Zariya da Kaduna. Tsofaffin hotunan DOS, fiye da miliyan ɗaya, da na Najeriya a cikinsu, suna ajiye a Edinbara ta Sikotland, ana mayar da su na kwamfuta. Neman na wannan yanki, daga can ko daga ma'ajiyar Hukumar Safiyo ta Tarayya, aiki ne na wasiƙa da bibiya.

Sauran aikin na ƙafa ne. A nemo turakun simintin da ke kan duwatsu, a ga waɗanda suka tsira daga masu fasa dutse da masu zaton an binne dukiya a ƙarƙashinsu, a sake auna su da GPS don a ɗaure tsohon tsari da sabo. A zauna da mafarauta da mata masu ɗebo ruwa da makiyaya, a rubuta sunan kowane rafi da tsauni da Jju da Tyap da Gworok da Fulfulde da Hausa, a sa su gefe da gefe a falle guda. Wannan ɓangaren ne ya fi gaggawa, domin mutanen da suka san bakin dajin Nindam kafin ya ja baya, suka kuma san inda burtali ya bi kafin a nome shi, yawancinsu sun haura shekara 70.